Rijiyar Baba Tanko da Littattafan Malam Iliya

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ko da yake tsakanin shagona da ɗakinki bai fi taki ashirin ba. Allah Ya kai ki Zariya lafiya gobe, Ya tsare miki hanya, Ya haɗa ki da mutanen kirki a makaranta. Na san za ki yi dariya, ki ce muna gida ɗaya Baba ya rubuto wasiƙa. Kin dai san halina. In na fara magana da baki, ko in ɓige da faɗa, ko in koma labarin eriya. Ga shi kuma sunan mahaifiyata gare ki, akwai maganar da ba zan iya faɗa ina kallon idonki ba.

Ran Talata Hauwa ta gidan maƙwabtanmu ta zo aron littafinki na lissafi, wanda kika tara aikin shekara uku a cikinsa, don za ta sake zama jarrabawa. Ina shago ina jin ku ta taga. Kika ce mata ya ɓace. Da yamma mahaifiyarki tana shara ta ɗaga katifarki, ta gan shi kwance lafiya lau. Ta so ta yi miki faɗa, na hana ta. Kada ki ɗauka na ga kin kyauta ne. Na hana ta don na san inda kika samo halin nan, a wurina kika gaje shi, kuma saura kaɗan ya sa mutanen unguwa guda su bar gidajensu. Kina ƙarama lokacin, kin ga murnar, ba ki san abin da ya zo kafinta ba. Yau zan gaya miki duka.

Ina ɗan shekara goma sha huɗu aka kai ni koyon gyaran rediyo wurin wani dattijo a bakin kasuwar Dutsin-Ma. Allah Ya jiƙansa, gwani ne na gaske. Amma yana da wata ɗabi'a da masu sana'a da yawa suke da ita. Zai bar ni in kwance akwatin rediyo, in goge, in riƙe masa dalma. Da zarar ya zo daidai inda ciwon yake, sai ya ɗago kai ya ce, “Haruna, tahi ka sawo mani goro.” Kafin in dawo rediyo na waƙa, an ɗaure akwati. Shekara bakwai ina wannan zirga-zirga, har na fi sanin goro mai kyau a kan cikin rediyo. Abin da na iya, a jikin rediyoyin da aka zubar na koya, ina ƙona yatsu. Tun ranar da ya rasu, akwai wani irin tsohon rediyo da ba a sake samun mai tayar da shi a garin nan ba. Na yi kuka, na kuma yi alkawari tsakanina da Allah ba zan taɓa yi wa kowa haka ba.

Ummi, na karya alkawarin, kuma na ma fi shi.

Kin tashi kin ga dogon ƙarfen nan a bayan gida, kin saba jin na'urar shago tana ƙara kamar gyare. Ba ki taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa zaunar da ke ba. Rediyon fakiti ake ce masa. Za ka rubuta saƙo a kwamfuta, na'ura ta yayyanka shi ƙanana-ƙanana, ta mai da shi wannan ƙarar, rediyo ya tura ta iska. Can wani rediyon ya kama, ya harhaɗa, rubutu ya fito. Ba ya neman sabis, batir da hasken rana sun ishe shi. Wani tsohon ma'aikaci da ya dawo gida daga kudu shi ya bar mini kayan, na zauna jarrabawa na sami lasisi, na ja mutum biyu suka shigo. Ɗaya Malam Iliya ne na Kurfi, tsohon malamin firamare, ɗan gajeren nan da yake kawo miki rake. Ɗayan Isiyaku ne, malamin gona da yake zaune a Barkiya, inda a lokacin sai mutum ya hau suri kafin wayarsa ta sami sabis, wani lokaci ma a yi kwanaki babu. Rediyon Isiyaku ba ya isowa Dutsin-Ma. Sai saƙonsa ya fara sauka a Kurfi, na'urar Malam Iliya ta miƙo mini. Ki riƙe wannan a ranki, don zai dawo.

Akwai wani ɗan maɓalli a jikin na'urar da ake daidaita ƙarfin ƙarar da shi. In ya yi yawa saƙo ya wargaje, in ya yi kaɗan ba a ji. Sanin daidai wurin da za a tsaida shi, shi ne duk sirrin. Duk sanda na'urar Malam Iliya ta rikice, sai ya aiko a kira ni, in hau babur in tafi Kurfi, a yi mini fura, a yi mini sannu da zuwa. In na zauna gaban na'urar, sai in ce, “Malam, ɗan hau ka duba mana eriya, ko tsuntsu ya taɓa ta.” Mutumin da ya girme ni, mai furfura, sai ya tattare riga ya hau tsani. Kafin ya sauko na murɗa maɓalli. Goron ubangidana ke nan, na sāke masa suna. Abin da nake so shi ne a ce sai Malam Haruna ya zo. Daɗin wannan magana nake ji, har in dawo gida ina wani hura hanci a kan babur.

To ki ji ni. A makaranta za ki riga wasu gane wani abu, don Allah Ya ba ki kai. Ranar da kika ji zuciyarki tana ce miki ki rufe littafi da hannu, ki tuna dattijo a kan tsani. Wanda ya zo tambaya ya riga ya sauke girman kansa kafin ya iso wurinki, kada ki ƙara masa wahala. Ki nuna masa, in bai gane ba ki sake, ki bar shi ya yi da hannunsa kina kallo.

Kuskurena na biyu raini ne. Mun kafa rediyon nan don labarin taki da farashin hatsi da sanarwar allurar shanu. Wata rana da hantsi sai ga dogon saƙo daga Barkiya. Isiyaku ya ce akwai wani tsoho maƙwabcinsa, Baba Tanko, mai ginar rijiya, wanda ya yi fiye da shekara hamsin yana shiga ƙasa daga Barkiya zuwa Tamawa har Ɗantutture. Idonsa ya tafi, ƙafa ta ƙi. Ya ji ana cewa akwai na'urar da take ajiye magana, ya ce a zo a ɗauki tasa. Kullum bayan azahar Isiyaku zai zauna gefen tabarmarsa, tsoho na faɗa yana bugawa. Inda ruwa yake kusa da inda fā, wato shimfiɗaɗɗen dutse, ya tare. Yadda ake gane wuri ta kanya da gawo da irin surin da ke gefensu. Jerin ƙasar da za ka ratsa, jar ƙasa, marmara, yumɓu, har rairayi mai sanyi. Da kuma tsofaffin rijiyoyin da mutanen dā suka rufe da itace suka binne da za su tashi daga wuri.

Ni kuwa sai na ji haushi. Na rubuta wa Isiyaku cewa batirina ba na tatsuniya ba ne, yanzu zamanin injin haƙa ne, wa zai koma wa dagi da igiya? Na shigo cikin gida ina mita. Mahaifiyarki tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba, ta ce, “Malam, kai ɗan gari ne, hwamho ka tashi ka gani. Ni a Tamawa da tulu na girma. Ran da injin naku ya lalace, wa kuke nema in ba irin su Baba Tanko ba? Ka bar tsoho shi yi maganarshi.” Kin san mahaifiyarki, in ta yi irin wannan maganar ba a ƙarawa. Na koma shago na karanta saƙon tun daga farko, don in sami abin da zan kayar da ita da shi. Ban tashi ba sai da aka kira la'asar. A ciki ne na ga inda Isiyaku ya tambayi tsohon me ya sa bai koya wa 'ya'yansa ba. Ya ce, “Na ɓoye masu har sun daina tambaya. Yanzu ina nema wa zan ba, babu kowa.” A nan na ga kaina a ciki.

Za ki haɗu da masu manyan takardu a can, ki girmama su. Amma mai shara da mai gadi da tsohuwar da ke sayar da ƙosai a bakin ƙofa, kowannensu yana riƙe da wani abu da ba ya cikin littafinki. Ki gaishe su da kyau, in sun fara ba da labari kada ki duba agogo.

Da a ce daga nan na shiryu, da wasiƙar nan ta yi gajarta. Ina! Da na gane darajar maganar Baba Tanko, sai kwaɗayi ya shigo ta wata ƙofar. Na fara hango littafi mai bango, da sunana a rubuce ɓaro-ɓaro a gaba. Na ce wa Isiyaku kwamfutarsa ƙarama ce, in ya tura ya goge, ni zan adana. Ya yarda, don ni ne babba a harkar. Na ce wa Malam Iliya nasa miƙawa ne kawai, kada ya ajiye komai a Kurfi, kada abu ya bazu kafin a kammala. Ya dube ni, ya gyara hula. Wata biyar tsoho yana magana. Komai ya taru a kwamfuta ɗaya, a shago ɗaya, mabuɗi a aljihuna. Da damina ta kama, Allah Ya yi wa Baba Tanko rasuwa. Muka je gaisuwa, mutane suna ta sa mini albarka, wai na ceci ilimin tsoho. Na karɓi albarkar da hannu biyu.

Ba a yi arba'in ba, wata ranar kasuwa na fita sayen dalma bayan la'asar, na ga hadari ya haɗo ta gabas. Ƙa'idar farko da na koya wa su Isiyaku ita ce, in ka ga hadari ka zare wayar eriya. Ni mai koyarwar na ce yanzu zan dawo. Na tsaya hira da mai kayan lantarki. Tsawa ta faɗa wa ƙarfen bayan gida, ta bi waya ta shiga shago. Allah Ya kiyaye ba kowa a ciki. Na dawo na tarar da ƙauri, rediyo ya yi baƙi, kwamfuta ta narke ta ciki. Na kwance ta, na yi duk dabarar da na sani, na kai ta Katsina, na kai ta Kano. Kowa ya duba sai ya girgiza kai.

Kin tuna lokacin da na yi kwanaki ba na cin abinci, aka ce miki zazzaɓi ne? Ba zazzaɓi ba ne. Tsoho ya ɗauki abin da ya tara shekara hamsin ya ba ni amana, na ƙulle shi wuri ɗaya don son suna, ya ƙone. Abin da ya fi muni, na yi shiru. Na harhaɗa wani rediyon, na ci gaba da tura labarin taki kamar ba abin da ya faru. In Isiyaku ya tambayi littafi, sai in ce ana kan aiki.

Nan ma ki ɗauki darasi biyu. Duk abin da kika san yana da amfani, kada ki bar shi wuri ɗaya, ko a waya ne ko a takarda ko a kanki. Ki kwafa, ki ba wani ya riƙe. In kuma kika yi ɓarna, ki faɗa da wuri. Ni na ja tawa har rani, kuma kullum ƙara nauyi take yi.

Da bazara ta yi tsanani, wata safiya sai ga mutum uku a ƙofar shago, sun yi buɗu-buɗu da tafiya. Mai unguwar wata 'yar unguwa ce a yankin Ɗantutture, da dattawa biyu, ɗaya manomi ɗaya mai shanu. Famfonsu ya ƙafe, rijiyarsu ta koma laka. Mata na fita tun asuba su dawo rana tsaka da jarka ɗaya. Masu shanu sun fara ɗaure kaya, wasu magidanta ma sun ce in aka ƙara mako biyu haka za su kwashe iyali su tashi. Mai unguwa ya ce, “Malam, mun ji Tanko ya taɓa hwaɗin akwai rijiyar kakanni binne a wajenmu. Mun tona wuri huɗu ba mu samu ba. An ce maganarshi tana wurinka. Don Allah a duba mana.”

Na tuna sarai akwai wannan rijiya a cikin saƙonnin. Na tuna an ambaci tsamiya. Ko taki nawa, ko ta wace kusurwa, ban riƙe ba, don na dogara da na'ura. Na dubi mutanen nan. A nan ne dai Allah Ya taimake ni na yi abu ɗaya daidai. Na ce musu, “Ta ƙone. Laifina ne, ba na kowa ba.” Ba wanda ya zage ni. Mai shanun ya ce Allah Ya sa haka ya fi alheri, suka miƙe. Da sun zage ni da na fi jin sauƙi.

Na rufe shago na hau babur na nufi Kurfi, don in gaya wa Malam Iliya da bakina kafin ya ji a wani wuri. Na same shi a zaure yana gyaran carbi. Na zayyana masa komai, kaina a ƙasa. Ya saurara har na gama. Sai ya tashi ya shiga cikin gida, ya fito da wata tsohuwar jakar buhu, ya zazzage a gabana. Littattafan rubutu ne irin na 'yan firamare, guda goma sha ɗaya, kowanne da lamba a bango. Na buɗe na farko. Rubutun malamin makaranta, tsaf-tsaf, da jan layi a ƙarƙashin kowace rana. Maganar Baba Tanko ce, tun daga saƙon farko.

Ai na ce miki saƙon Barkiya sai ya bi ta Kurfi. Duk abin da ya ratsa na'urar Malam Iliya yana fitowa a fuskar kwamfutarsa kafin ya wuce. Ashe kullum bayan azahar yana zaune da biro, yana kwafa layi-layi, wata biyar cur. Na ce, “Malam, ba na ce kada ka ajiye ba?” Ya ce, “Na ji ka, ban dai bi ba. Shekara talatin ina gaban allo, ban taɓa ganin rubutu mai amfani na bar shi ya wuce ba. Kuma Haruna, maganar ba taka ba ce. Tanko bai ce a kai ma Haruna ba, cewa ya yi a ɗauka.”

Ummi, ubanki ya yi kuka a zauren mutane, da rana tsaka, har da shessheƙa. Malam Iliya ya bar ni na gama, sannan ya ce in share fuska, akwai aiki. A littafi na bakwai muka same ta. Daga gindin tsamiya mai rassa biyu da ke yamma da maƙabarta, ka ba tsamiya baya, ka fuskanci kuka, taki arba'in. An rufe bakin da itacen ƙirya da faffaɗan dutse.

Washegari da sassafe muka isa, ni da Malam Iliya da Isiyaku. Unguwa duka ta fito. Ga tsamiya, ga kuka can. To kin san mai hali, sai na karɓe aikin awo, don dai a ga ni ne. Na ba tsamiya baya, na taka arba'in da waɗannan dogayen ƙafafun nawa, na ce a tona nan. Majiya ƙarfi suka sa diga. Aka yi zurfin gaba ɗaya, babu komai sai jar ƙasa. Rana ta take. Aka fara kallon juna, na ji wani a baya yana cewa wannan ma irin na jiya ne. 

Sai wata tsohuwa da ke zaune a inuwa, riƙe da sanda, ta ɗaga murya. Ta ce, “Wai wa ya auna? Wannan dogon? Kai jama'a! Tanko hwa gajere ne, bai kai kahwaɗata ba. Ku sa wancan ɗan malamin shi taka.” Aka fashe da dariya, har da masu diga. Malam Iliya ya tattare riga, irin tattarewar da yake yi in zai hau tsani, ya ba tsamiya baya, ya taka arba'in da 'yan ƙafafunsa, jama'a na ƙirgawa da ƙarfi. Ya tsaya nesa da ramina sosai. Aka sa diga. Ba a yi kamu uku ba muka ji ƙum. Itace!

Ba zan manta wannan ƙarar ba har in mutu. Aka share ƙasa da hannu, ga ƙirya jere, baƙi ƙirin, ko gara ba ta taɓa ta ba. Aka sa ƙarfe aka ɗaga dutsen. Wata iska mai sanyi ta bugo mu. Mai unguwa ya ɗauki tsakuwa ya saki. Kowa ya yi tsit. Can ƙasa muka ji tsulum. Mata suka rangaɗa guɗa, maza suka yi kabbara, mai shanun nan da ya zo shagona ya rungume ni har hulata ta faɗi. Wani ya kama igiya zai shiga, Malam Iliya ya daka masa tsawa, ya buɗe littafi ya karanta inda Baba Tanko ya ce tsohuwar rijiya ba a shigarta sai an zura fitila mai wuta, in ta mutu a jira iska ta sāke. Aka zura, ta mutu. Aka bar bakin a buɗe har washegari, aka sake zurawa ta ci, sannan aka shiga yasa. Kin ga ko a nan maganar tsoho ta ceci rai. Kwana uku ana fitar da laka, a na huɗu ruwa ya kwanta garau. Ba gida ɗaya da ya tashi daga unguwar, waɗanda suka ɗaure kaya suka kwance. Har yau daga ita suke sha, kuma rijiyar Tanko suke ce mata.

Na sha ruwan nan a ƙoƙo, ban taɓa shan abin da ya kai shi daɗi ba. Na yi murna irin wadda ban yi ba ko ranar da na sami lasisi. Kuma ki lura, ba kwamfutata ce ta fitar da ruwan ba. Sai da tsoho ya faɗa, Isiyaku ya buga, rediyo ya ɗauko, Malam Iliya ya kwafa, tsohuwa ta tuna tsawon mutum. Da ɗaya ya riƙe nasa, da yanzu wurin kufai ne.

A makon da aka sami rijiyar muka sake buga littattafan goma sha ɗaya, muka tura ta rediyo, kowace tasha ta ajiye. Muka buga a takarda muka kai Barkiya da Tamawa da Ɗantutture, muka ba 'ya'yan Baba Tanko nasu. A bangon sunansa ne, ba nawa ba. Da labari ya bazu, sai ga wasu tsofaffin suna aikowa a zo a ɗauki tasu. Wata Bafulatana ta ba da abin da ta sani na ciwon ƙafar shanu. Wani manomi ya faɗi yadda ake adana irin gero da toka ya kai shuka. Yanzu tashoshinmu sun ƙaru, har da mata biyu, kuma dokarmu ɗaya ce: duk abin da ya shigo, kowa ya ajiye, kowa ya miƙa.

Saura maɓalli. Bayan an gama hidimar rijiya na je Kurfi takanas, na zaunar da Malam Iliya gaban na'ura, na ce yau zan nuna masa abin da na daɗe ina ɓoye masa, ya yafe mini. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, “Haruna, tun zuwanka na biyu na sa ma maɓallin alli kahin in hau. Da na sauko na ga inda ka kai shi.” Na ce to me ya sa yake ci gaba da kirana, yana hawa tsani? Ya ce, “Na ga kana so. Kuma in ban kira ka ba, wa zai zo mu sha hura?” Shekara biyu ina ɗaukar kaina mai wayo, ashe dattijo ne yake lallaɓa ni. Irin wannan aboki nake roƙa miki a inda za ki, kuma ina so ke ma ki zama irinsa ga wani.

A ƙasan akwatinki, ƙarƙashin zannuwan da mahaifiyarki ta jera, na sa miki kwafi ɗaya na maganar Baba Tanko. Ban ba ki don ki adana kawai ba. In kin sami wanda zai amfana, ki ba shi ya kwafa, in ma bai dawo da shi ba akwai wasu a wurare da yawa, ba abin da zai ɓace. Wannan kwanciyar hankalin na daɗe ban san da ita ba.

Littafinki na lissafi kuma yana nan inda kika bar shi, ba wanda ya taɓa. Ba zan ɗauka in kai da kaina ba, ba kuma zan sa mahaifiyarki ba. Jarrabawar Hauwa saura wata biyu. Na dai gaya wa direban da zai kai ki tasha cewa gobe, kafin ya hau titi, ya ɗan tsaya a ƙofar gidan su Hauwa. Bai san dalili ba. In kin fito da littafin, ki shiga ki ba ta da hannunki, ki gaya mata gaskiya, bai ɓace ba. In ba ki fito da shi ba, ki ce masa ya wuce, ba zan tambaye shi ba. Ni sai da na yi furfura, na ƙona amanar mamaci, na yi kuka a zauren mutane, kafin na koyi wannan. Ke taki goma ne daga mota zuwa ƙofar.

Allah Ya yi miki albarka, Ummi. Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane, Ya buɗe miki ƙirji, Ya ba ki ilimi mai amfani da hannun bayar da shi. Ki riƙe salla, ki riƙa kiran mahaifiyarki ko ba ki da labari. Malam Iliya yana gaishe ki, ya ce raken da ya aiko na hanya ne, kada ki bar wa ƙannenki. Allah Ya jiƙan Baba Tanko, Ya sa ruwan nan ya zame masa haske a kabari. Allah Ya dawo mana da ke lafiya.

Wassalam.

Mahaifinki,
Haruna Mai Rediyo
Dutsin-Ma